Katin Gidan Marigayi

Ku samarin da kuke leƙo shagona a Unguwar Rogo da filashi a aljihu, kuna cewa in koya muku saka manhajar asibiti kafin sallah, ku zauna ku ji. Saka manhaja ba shi ne aikin ba. Wannan jikata ma za ta iya: danna nan, danna can, jira, shi ke nan. Aikin shi ne ka tsaya gaban mutumin da ya fitar da kuɗinsa ya sayi abu, ka gaya masa abin ba nasa ba ne, haya yake yi. Kuma mai hayar yana wata ƙasa. Ba ya jin Hausa, ba ya karɓar naira, ba a yi masa tayi, ba a tura masa dattijo ya ba shi haƙuri.

Sunana Lawali. Ban yi boko ba. Allo na yi, shi ma ban yi nisa ba aka kai ni wurin Malam Mode mai gyaran rediyo a Ƙofar Dundaye. Aikina na farko a wurinsa shi ne ware ƙusoshi. Ya juye mini gwangwani cike da ƙananan noti a kan tabarma, ya ce in raba su gida-gida. Na raba. Ya duba, ya sake cakuɗa su, ya ce ban raba ba. Haka muka yi ta yi har idona ya san bambancin biyu masu kama da juna. Sai da na iya wannan ya bar ni na taɓa ƙarfen dalma. Shi ya koya mini in shinshina rediyo kafin in kwance ta, don abin da ya ƙone yana da wari. Shi ya koya mini in jera abin da na cire yadda zan mayar da shi. Baƙaƙen boko kuwa a bayan rediyo na koye su, ɗaya bayan ɗaya. Turanci har yau ba na jin sa da kunne. Amma in kwamfuta ta fito da gargaɗi, na san siffarsa kamar yadda kuka san fuskar maƙwabcinku. Wannan na wuta ne, wannan na faifan ciki ne, wannan kuma na kuɗi ne. Na kuɗin ya fi yawa.

Rediyo ta mutu a hannunmu, kaset ya bi ta. Malam Mode ya koma gona, ni na bi kwamfuta. Na fara da masu shagon buga takardu, na wuce kantunan magani, daga nan na faɗa ƙananan asibitocin kuɗi. A nan na tsufa.

Abin da ba ku sani ba shi ne, manhajar asibiti ba ita kaɗai take tsaye ba. Wadda kuke gani a fuskar kwamfuta, mai gurbin suna da ƙauye da ciwo da magani, wani injiniya ne a Kaduna ya rubuta ta. Shi mutum ne kamar mu, ana kiran sa a waya, ana daidaitawa. Amma a ƙarƙashinta akwai rumbun bayanai, inda duk abin da aka rubuta yake zama. Wannan ba nasa ba ne, na wani babban kamfani ne a ƙasar waje. A gefenta kuma akwai manhajar ofis, wadda ake buga takardar tura mara lafiya babban asibiti da sakamakon gwaji da ita. Ita ma ta wasu ce. Kowanne da mai shi, kowanne da lasisinsa, wato takardar izinin amfani. Kamar ka sayi tebur a kasuwa ne, amma ƙasan da ka kafa shi na wani, rumfar da ke kanka ta wani. Lasisin ofis kowace kwamfuta da nata, kuma duk shekara ake sabunta shi. Na rumbun kashi biyu ne. Akwai ƙarami na kyauta, mai iyaka, ranar da ya cika ba ya ƙara karɓar ko suna ɗaya. Akwai babba, wanda kuɗinsa in aka faɗa maka sai ka sake tambaya, don ka ɗauka ba ka ji daidai ba.

Na san abin da ke ranku. Ai ana samun na jabu a kasuwa, kuɗin katin waya. Ana samu. Wani mai ɗakin gwajin jini ya taɓa kira na da hantsi. Shi ya sayo na jabun, wani ya saka masa. Ya yi ta amfani da shi lafiya lau, yana yi mini dariya in na wuce. Ran nan ya kunna, duk sakamakon mutane ya sauya suna, ba abin da ke buɗuwa, ga rubutu a fuskar kwamfutar wai ya tura kuɗi a buɗe masa. Tare da na jabun ɓarawon ya shigo. Na cire faifan, na gwada duk abin da na sani, ban ceto ko layi ɗaya ba. Ya zauna a benci ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Tun ranar ba na saka na jabu a inda ake ajiye ciwon mutane. In a shagon buga katin biki ne, ruwanku.

Aikin da nake so ku ji shi ne na Alhaji Ummaru, babban dillalin hatsi. Ya gina ƙaramin asibiti a Ƙofar Marke, sadaka ga mahaifiyarsa. Mutumin kirki ne, ba zan ɓoye wannan ba. Ya zuba tayil, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayi gadaje masu kyau da janareto. Duk abin da ido ke gani ya saya bai yi ƙorafi ba. Likita yana zuwa da la'asar daga wurin aikinsa, amma mai riƙe da wurin ita ce Sista Kulu, tsohuwar nas kuma ungozoma, wadda ba ta da lokacin wasa. Mafi yawan masu zuwa mutanen ƙauye ne, manoman gero da shinkafa da Alhaji yake sayen hatsi a wurinsu.

Na kafa musu kwamfuta biyu. Ɗaya a ɗakin kati, ita ke ɗauke da rumbun. Ɗaya a ɗakin likita, tana leƙa ta farkon ta waya. Da na zo kan lasisi, na sami Alhaji a rumfarsa a kan buhuna, na yi masa bayani kamar yadda na yi muku.

Ya ce, "Lawali, mi kake hwaɗi? Na sayi inji da kuɗina, na biya na Kaduna, yanzu kuma wa zan biya?"

Na ce, "Masu rumbun, Alhaji, da masu ofis."

"Ina suke?"

"Ƙasar waje."

"Sun zo sun ga asibitin?"

"Ba su zuwa, ranka shi daɗe."

"To wanda bai zo ba, bai ɗauki bulo ba, bai ɗebo ruwa ba, mi zan biya shi? Ka ce musu na sadaka na. Su rage."

Na ce ba a ragewa. Ya tambayi yadda suke yanke kuɗin babban rumbun. Na ce da yawan kawunan da ke aiki a cikin injin, don kwamfuta tana da kawuna a ciki, kowanne ana biya masa. Ya ce, "To cire mata kai guda. Mu ba mu da gaggawa."

A ƙarshe ya biya lasisin ofis na kwamfuta ɗaya tak, ta ɗakin likita. Rumbu kuwa aka saka na kyautar. Na ce masa zai cika. Ya ce in ya cika a yi magana.

Yanzu ku kula da yadda ake buɗe kati a wurin, don a nan maganar take. Ba kowane mutum da katinsa ba. Katin gida ake yi. Maigida ya zo, a rubuta sunansa da ƙauyensa, a ba shi lamba ɗaya a guntun kwali. Matansa da 'ya'yansa da matan 'ya'yansa da jikoki duk a ƙarƙashin sunansa suke. Haka mutane suke so, haka ya fi musu sauƙi, haka injiniyan ya tsara manhajar. Kuma Sista Kulu ba ta yarda da baki. Duk takardar gwaji, duk hoton ciki na mai juna biyu, sai ta ɗauke shi hoto ta liƙa a katin gidan, don ta san takarda in ta koma ƙauye, ko gara ta ci, ko a ƙunshe ƙuli-ƙuli da ita. Hoto kuwa yana cin wuri. Na gaya mata. Ta ce, "Malam Lawali, in mace ta zo da jini, ba ni da lokacin tambayar ta abin da anka yi mata bara. In gani nike so." Ita ke da gaskiya.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da dala ta haukace. Kun san ta, ba sai na faɗa ba. Abin da ake biya da naira kaɗan ya ninka, ya sake ninkawa. Masu kantin magani da na yi wa aiki suka riƙa barin lasisinsu yana mutuwa, suna komawa biro. Wasu suka koma na jabu a ɓoye, ba sa son haɗa ido da ni. Aiki ya yi ƙasa. A cikin wannan hali, ana tsakiyar kaka, lokacin da mutanen ƙauye suka sayar da amfani suka sami abin zuwa asibiti, rumbun Ƙofar Marke ya cika.

Sista Kulu ta kira ni da safe. Na tarar da layi har bakin titi, mata da goyo zaune a ƙasa. Ana iya buɗe tsohon kati a karanta, amma ba a iya ƙara komai. Ka rubuta, ka danna ajiye, jan akwati ya fito. Ta yayyaga kwalin magani tana rubuta sunayen mutane da hawan jininsu a bayansa, ta tara su a faranti.

Na kira injiniyan Kaduna. Na ce ai akwai rumbunan da ba a biyan komai, kuma ba su da iyaka, me zai hana a koma can. Ya ce, "Akwai su, Malam Lawali, amma manhajata a kan wannan na gina ta. Sai dai in rushe in sake gini, kuma ba aikin wata ɗaya ba ne, ba kuma kyauta ba." Na ce to a buɗe rumbu na biyu na kyauta a gefen na farko. Ya ce manhajarsa rumbu ɗaya ta sani a kowace kwamfuta. In ana son na biyu, tunda ta ɗakin likita rumbun farko take leƙawa, sai an kawo wata kwamfutar daban. Wannan ya ce zai yarda a saka manhajarsa a kai ba tare da ya karɓi komai ba, tunda ni ne.

Na ɗauki wannan na kai wa Alhaji. Ya zo asibitin da kansa, muka tsaya a ɗakin kati, ni da shi da Sista Kulu. Na ce hanya biyu ce. Ko babban lasisi, ko a sayi kwamfuta ta uku. Da ya ji kuɗin babban lasisi a farashin dalar ranar, sai ya yi dariya, irin dariyar da ba ta daɗi ba.

Ya ce, "Wanga kuɗi tirela ta hatsi na. In ba wanda ban taɓa gani ba tirela, don shi bar ni in rubuta sunan mutane a cikin injina?"

Na ce, "To kwamfuta ta uku."

"Shekarar nan ko ƙusa ba ni saye. Kai dai ba ka san rumbu ba, Lawali. Rumbu in ya cika, ba sabo aka ginawa ba, tsohon hatsi aka hiddawa. Goge waɗanda sunka daɗe ba su zo ba."

Sista Kulu ta ce, "Alhaji, na ƙauye sai kaka suke zuwa. Wani sai ya yi damina biyu, uku bai leƙo ba. Ga su nan a waje, rabinsu haka suke."

Ya ɗan yi tunani. Ba mugu ba ne, na faɗa muku. Sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya gano hanya. Ya ce, "To goge matattu. Wanda yam mutu dai ba shi dawowa shan magani. Allah shi jiƙansu, a ba masu rai wuri."

Gaskiya da ya faɗa, ni ma na ga kamar magana ce. Manhajar tana da gurbin da ake sa alama in mai kati ya rasu, kuma Sista tana sawa. Na tace su, suka fito jere, da yawa. In aka goge su, wuri zai samu sosai. Sai Sista Kulu ta matso ta ce in buɗe na farko. Na buɗe. Maigidan ya rasu tun tuni. A ƙarƙashinsa ga matansa, ga 'ya'ya, ga matar ɗansa da aka yi wa aiki a haihuwar fari, ga jika mai ciwon sikila da duk abin da aka taɓa ba shi. Na buɗe na biyu, haka. Na uku, haka. Katunan matattun su suka fi kowanne nauyi, don su ne tsofaffin gidaje masu yawan jama'a.

Alhaji ya ce, "To a cire masu ran, a buɗe musu sabon kati."

Sista ta ce, "Da sunan wa?"

"Babban ɗa mana."

"Na gwada sau ɗaya, Alhaji. Na sa sunan babban ɗa. Washegari ƙanen marigayi ya zo da sanda, wai wa ya ba yaro gida, ba a ko raba gado ba. Sai da mai unguwa ya shiga. Wata kuma da nac ce zan cire ta daga sunan mijinta, kuka ta sa mini a nan, wai ko takaba ba ta gama mantawa ba za mu hidda ta daga gidanai. Gida da sunan mai shi aka san shi, ko shina ƙasa. Ni ba ni taɓawa."

Alhaji ya juyo kaina. "Kai ka kawo wagga fitina. Da littahi muke, da ba wanda ya ce mana ya cika sai mun biya dala. Ka goge, in sun zo a sake tambayar su."

Na ce, "Ba ni gogewa."

"In kawo wanda zai goge?"

"Ba su da wuyar samu, ranka shi daɗe."

Ya ce ya ba ni zuwa Juma'a. In injin bai karɓi suna ba, zai kawo wani. Ya kaɗa riga ya fita. Kuma na san zai samu. Cikinku ma akwai wanda zai danna ba tare da ya buɗe ko kati ɗaya ba, ya karɓi na shayi ya tafi.

Kayan aikina ba su da yawa. Sukudireba, mitar awon wuta, buroshi, abin hura iska, filashi. Sai wata baƙar kwamfutar hannu da na saya ta hannu, na sauya mata faifai da fanka da kaina. Ita ce shagon. A kanta nake gwada komai kafin in taɓa na mutane. A cikinta nake kwashe bayanan mai kaya kafin in kwance masa inji. Tana da lasisin ofis na gaskiya, da sunana, ni nake sabunta shi. Mai wannan sana'a in ba shi da tasa kwamfutar, ɗan kallo ne.

Ita na ɗauka na kai Ƙofar Marke. Na ce wa Sista aro ne, zuwa Alhaji ya huce ya sayi tasa.

Aikin ba na danna nan danna can ba ne. Da farko na kwafi rumbun gaba ɗaya na ajiye gefe, don in hannu ya kuskure a sami abin komawa. Na saka ƙaramin rumbu na kyauta a tawa, na ɗora manhajar Kaduna a kai. Sannan gida-gida: in ɗauke katin marigayi da duk wanda ke ƙarƙashinsa da hotunansu, in sauke a tawa, in buɗe a can, Sista ta duba da idonta ta ce sun cika, sannan in cire daga tsohuwar. Wani gidan hotunansa su ƙi bi, in koma in ɗauko su ɗaya-ɗaya. Wani ƙauyen mutum uku suna ɗaya, sunan uba ɗaya, biyu sun rasu ɗaya yana raye, sai Sista ta ce wannan mai doguwar mata ne, wancan mai ɗan gurgu. Wuta ta ɗauke, a jira a tada janareto, a sake. Tana barin ni ta je ta karɓi haihuwa ta dawo ta wanke hannu mu ci gaba. Kafin Juma'a tsohuwar kwamfutar ta karɓi suna. Aka kwashe abin da ke bayan kwalayen magani aka shigar.

Daga ranar asibitin ya zama da layi biyu. In mutum ya miƙo kwalin lambarsa, a tambaye shi, maigida yana nan? In yana nan, a duba ta kan tebur. In ya rasu, a juya kan tawa.

Alhaji ya zo ya gani. Na ɗauka zai ce nawa ne irin wannan, a sayo. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani? Ba nac ce maka akwai hanya ba? Da na biye maka da tirela ta tahi." Har yau haka yake ba da labarin a rumfarsa. Wai masu kwamfuta sun so su cuce shi, ya tsaya da ƙafarsa, ga shi komai yana tafiya.

Ba a nan ta tsaya ba. Da lasisin ofis na ɗakin likita ya ƙare, rawayen layi ya fito a sama, ana karantawa amma ba a rubutawa. Na kai masa magana. Ya ce, "Taka ba ta bugawa?" Na ce tana bugawa. Ya ce, "To mi ya rage?" Aka jawo wayar firinta aka soka a tawa. Yanzu duk takardar da za a tura mara lafiya babban asibiti da ita, daga kwamfutata take fita. In lasisin ya zo ƙarewa, ni ake wa gargaɗi, don sunana ne a kai. In na ƙyale shi ya mutu, mace mai naƙudar da ta gagara za ta tafi ba takarda. Sai in nemi mai katin banki na dala in sabunta. Ni Lawali, mai shago ɗaya a Unguwar Rogo, ni nake biya wa dillalin hatsi haya a ƙasar waje.

Shagon kuwa ya ji jiki. Aka kawo mini aikin wani kantin magani babba, na kasa karɓa, don ba inda zan kwashe musu bayanai kafin in kwance. Aka kawo na wata makaranta, haka. In na matsu sai in ari ta wani, in yi sauri in mayar. Na yi wa Alhaji magana, ya ce bayan kaka. Kaka ta wuce, ya ce bayan azumi. Azumi ya wuce, ya ce hatsi ya faɗi.

Ran da aiki na uku ya kuɓuce mini, na ce ya isa. Na ɗauki jakar kwamfutar, babu komai a ciki, na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, zuwa Ƙofar Marke. Na shirya abin da zan faɗa. Zan kwafe musu gidajen a filashi in ajiye wa Alhaji a kan buhunsa, ya san yadda zai yi da su. Hakkina ne, ba wanda zai ce na yi laifi.

Na shiga ɗakin kati. Wata tsohuwa tana zaune a gaban Sista Kulu, da yarinya mai tsohon ciki a gefenta, ƙafafun yarinyar sun kumbura. Daga ganin ƙafar tsohuwar ka san daga fadama suka fito. Kwalin lambar katinsu ya ɓata.

Sista ta ce, "Inna, katin wa?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Mace irin ta ba ta kiran sunan mijinta, ko yana raye ko ya rasu. Ta ce, "Na Malam nawa. Wanda yab bar mu shekarar ambaliya."

"Wane gari?"

Ta faɗa. Sista ta juya kan tawa, ta shigar da sunan ƙauyen, ta riƙa karanto sunayen marigayan garin a hankali. A kan wani suna tsohuwar ta ce, "Allah shi jiƙanai." Sista ta buɗe. Ta gangara ƙasa, ta sami yarinyar, matar autan gidan. Ta buɗe wani hoto ta kalla, ta kalli ƙafafun, ta ce, "Ke ce kinka yi jijjiga a cikin fari?" Yarinyar ta ce ita ba ta san abin da ya faru ba, ta dai farka a asibiti. Sista ta ɗaura mata abin awon jini a hannu, ta duba, ta ga jinin ya hau. Ta jawo kwamfutar ta fara rubuta takardar babban asibiti. Firinta ta yi ƙara, takarda ta fito. Ta ce wa tsohuwar yanzu za su tafi, ba gobe ba, kada su koma gida ɗaukar kaya.

Da suka fita ta ɗago ta gan ni a bakin ƙofa. Ta kalli jakar. Ta daɗe tana kallon ta.

Ta ce, "Malam Lawali, ka zo ɗauka?"

A bayana wata mata ta riga ta miƙo nata kwalin, tana cewa maigida ya rasu.

Na ce, "Fankarta nij ji tana ƙara. Ɗaga mini ita in duba."

Na hura mata iska, na share ta da buroshi, na mayar da ita inda take. Na naɗe jakar na sa a hammata na fito neman kabu-kabu.